Layin DIN: Ƙarfen da Ake Rainawa a Akwatin Sarrafa Inji

 Sharhinmu na yau na masu haɗa akwatunan sarrafa injinan masana'antu ne.

Sau da yawa ma'aikaci zai zuba kuɗi ya sayi PLC mai tsada, wato na'urar da ke sarrafa inji, amma ya ɗauko duk ƙarfen da ya samu ya maƙala ta. Nan ake yin tuya a manta da albasa.

Ƙarfen da aka fi amfani da shi wajen maƙala irin waɗannan na'urori shi ne layin DIN, wanda ya samo asali daga Jamus. Faɗinsa milimita 35 ne, zurfinsa kuwa 7.5 ko 15. Idan kayan masu nauyi ne, ko inji na yawan jijjiga, mai zurfin 15 ya fi, don ba ya saurin lanƙwasawa. A sa matokari a kowane gefe, kada na'urori su riƙa zamewa har waya ta kwance.

Sai dai ba kowace na'ura ke hawa wannan layi ba. A cikin na'urorin PLC na kamfanin Siemens, S7-1200 tana zama a kansa daram, amma S7-300 da S7-1500 kowacce da irin nata layin. Ita S7-1200 ɗin ma tana buƙatar sararin milimita 25 sama da ƙasa don iska ta ratsa.

Inda akwai danshi, a nemi ƙarfen da ba ya tsatsa. A kuma haɗa layin da wayar ƙasa, don kare na'ura da ran ma'aikaci.

Saboda haka, 'yan'uwa, a karanta takardar na'ura kafin a yanka ƙarfe. Allah Ya ba da sa'a.