Shadda da Rijiya: Naitiret a Ruwan da Muke Sha



Yau zan yi magana ne a kan ramuka biyu da ake haƙawa a kusan kowane gida namu: shadda da rijiya. Galibi muna ɗauka cewa abin da ya shiga shadda ya tafi ke nan. A gaskiya ƙarƙashin ƙasa yake ci gaba da tafiya.

Fitsari da bayan gida cike suke da sinadarin naitirojin. A cikin tankin shadda, inda babu iska, yana zama amoniya. Da ruwan ya fita zuwa sokawe ya ratsa cikin ƙasa mai iska, sai ƙwayoyin bakteriya su mayar da shi naitiret. Ƙasa takan tace yawancin ƙwayoyin cuta, amma ba ta riƙe naitiret. Duk inda ruwa ya bi, tare suke, har su isa ruwan da rijiya ke ja, musamman a ƙasa mai yashi ko da damina, lokacin da ruwan ƙasa ke tasowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa iyakar miligiram 50 na naitiret a kowace lita ta ruwan sha. Dalilinta jarirai ne. A 1945 wani likita a jihar Ayowa ta Amurka, Hunter Comly, ya bayyana yadda jariran da ake dama wa madara da ruwan rijiya mai naitiret suke sauya launi zuwa shuɗi, saboda jininsu ya gaza ɗaukar iskar da jiki ke bukata. 'Yan ƙasa da wata shida su ne suka fi shiga haɗari. Naitiret ba shi da launi, ba ya wari, harshe ba ya jin sa. Tafasa ruwa ma ba ya cire shi. Ruwan ne zai ragu, sinadarin ya ƙara yawa.

Masana tsaftar muhalli sukan ba da shawarar tazarar mita 30 tsakanin shadda da rijiya. To, fulotin da muke kira hamsin-hamsin kimanin mita 15 ne kawai a kowane gefe. Ke nan mai gida shi kaɗai ba zai iya cika wannan sharaɗi ba, domin ko ya nisantar da tasa shaddar, ta maƙwabcinsa tana jikin katanga.

Saboda haka lamarin na unguwa ne baki ɗaya, kuma yana cikin haƙƙin maƙwabtaka. Kafin a haƙa rami, maƙwabta su zauna su ware ɓangaren shadda da na rijiya, mai unguwa da duba-gari su sa ido. A daina haƙa shadda har ta taɓo ruwa, a riƙa kwashe ta kan lokaci. A kai ruwan rijiya da na burtsatse gwaji duk shekara, musamman a gidan da ke da mai ciki ko mai jego. Hukumomin tsara birane kuma su nemi ganin wurin ramukan nan biyu kafin su amince da taswirar gini.

 Allah ya kare mana 'ya'yanmu.