Tara Ce Ko Farashi? Neman Banki Ya Mayar Da Kuɗin Da Ya Yanka



Bahaushe bai taɓa kiran kuɗin da ke fita daga aljihunsa da suna ɗaya ba. Abin da ya ba dillali la'ada ce. Abin da ya ba ɗan dako lada ne. Abin da ya ba hukuma haraji ne, in kuwa na shanu ne, jangali. Abin da alƙali ya ɗora masa saboda laifi, ita ce tara. Kowane suna kuwa yana tafe da hukuncinsa. Farashi ana tayawa a sallama, wanda ya ga ya yi masa tsada ya yi gaba. Amma tara ba ta hawa kan mutum sai an tabbatar da laifinsa, sa'an nan a auna ta daidai da laifin. To, kuɗin da banki ke yankewa daga ajiyar mutum, ba tare da ya miƙa da hannunsa ba, wane suna ya dace da su? Tambayar ta yi kama da ta masu nazarin harshe, amma a Ingila sai da aka yi shekara biyu da watanni ana jayayya a kanta a gaban kotuna uku, kuma amsar da aka bayar ita ce ta raba mutum fiye da miliyan ɗaya da kuɗin da suka sa rai za a mayar musu.

Ga asalin al'amarin. Bankunan Birtaniya sun daɗe a kan al'adar cewa muddin akwai kuɗi a cikin asusun mutum, ba za su karɓi kome ba don sun riƙe masa asusun. Amma ran da ya zarce abin da ke ciki ba da izini ba, sai su yanke masa kuɗi masu kauri, sau da yawa wajen fam 30, wani lokaci har fam 39, a kan kowane biya guda. A ɗauki misalin leburan da kuɗin wutarsa ya zo ana gobe albashi, ajiyarsa ta gaza da fam 5. Ko bankin ya biya masa, ko ya ƙi biya, zai yanke nasa. Da wata ya kama sai albashin ya shigo da giɓi, giɓin ya jawo wani yankan, haka dai bashi ya riƙa haihuwar bashi. Hukumar kula da adalcin ciniki ta ƙasar a wancan lokaci, wadda ake taƙaita sunanta OFT, ta bayyana a rahotonta na 2008 cewa a shekarar 2006 bankuna sun sami fam biliyan 8.3 daga irin wannan asusu, kuma biliyan 2.6 daga ciki kuɗin zarce ajiya ne. Watau dai marasa shi ne suke biyan wani babban kaso na hidimar da masu shi suke samu kyauta.

Masu ajiya sun dogara ne a kan hujja biyu. Ta farko tsohuwar ƙa'ida ce a shari'ar Ingila, cewa wanda aka saɓa wa yarjejeniya yana da ikon karɓar diyyar asararsa, amma ba shi da ikon cin tarar abokin cinikinsa. Suka ce, nawa ne asarar banki a kan wasiƙar da inji ya buga? Ta biyu kuwa dokar 1999 ce, wadda ta hana sharaɗin zalunci a cikin yarjejeniyar da kamfani ya rubuta shi kaɗai ya miƙa wa talaka ya sa hannu. A watan Afrilu na 2006 OFT ta ce duk kuɗin jinkirin biya a katin bashi da ya wuce fam 12, za ta ɗauke shi a matsayin rashin adalci. Nan take jama'a suka ce, in haka ne a kati, me zai hana a asusu?

Hanyar da suka bi ita ce abin da ya fi cancanta a tsaya a kai, domin ba ta bukatar lauya. Da farko mutum ya rubuta wa bankinsa yana neman jerin duk abin da aka yanke masa. Dokar kare bayanan jama'a ta 1998 ta tilasta wa bankin ya bayar cikin kwana 40, a kan fam 10. Sa'an nan ya zauna ya haɗa lissafin shekara 6, domin iyakar abin da doka ta yarda a nema ke nan a Ingila, a Sikotilan kuwa shekara 5. Sai ya sake rubutawa, ya faɗi adadin, ya yanka wa'adi. In an yi shiru, ko an ba shi amsar sallama, ya kai ƙara ƙaramar kotu, ko ofishin mai sasanta rikicin bankuna da jama'a, inda ba a biyan ko kwabo. 'Yan jarida, musamman Martin Lewis, suka sa samfurin wasiƙun a intanet, mutane suka kwafa da miliyoyi. Abin mamaki, bankunan ba su cika zuwa kotu su kare kansu ba. Galibi sai su biya ana dab da zama, su rubuta cewa kyautatawa ce kawai, ba amsa laifi ba. A lura da suna a nan ma. Kyauta ba ta zama hujja ga na baya. Duk da haka, ta wannan hanya ɗaruruwan miliyoyin fam suka koma hannun masu su.

A watan Yuli na 2007 OFT da bankuna bakwai, tare da wata babbar ƙungiyar ba da rancen gidaje mai suna Nationwide, suka amince a kai maganar kotu a yi ta ta ƙare. Daga ranar aka jingine duk koke-koken da ba a biya ba. A watan Afrilu na 2008 Babbar Kotu ta rushe hujjar farko. Alƙalin ya ce wanda ya zarce ajiyarsa, bisa sharuɗɗan da bankuna ke aiki da su, bai saɓa alkawari ba, rance ya nema, saboda haka abin da aka yanke masa ba tara ba ce. Amma ya yarda OFT tana da ikon auna adalcin kuɗin. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta goyi bayan haka a watan Fabrairu na 2009. Sai ranar 25 ga Nuwamba, 2009, Kotun Ƙoli, wadda ba ta cika wata biyu da buɗewa ba, ta juya hukuncin, alƙalai biyar baki ɗaya. Dalilinsu shi ne, dokar 1999 ta keɓe farashi, ba ta ba kowa ikon cewa kaya sun yi tsada ba, kuma kuɗin nan wani yanki ne na farashin hidimar banki gaba ɗayanta. Kotun ba ta ce an yi adalci ba. Abin da ta ce shi ne sunan kuɗin farashi, kuma ba a auna farashi da wannan ma'auni. Wanda ya rubuta wasiƙarsa a farkon 2007 ya karɓi kuɗinsa. Maƙwabcinsa da ya ce sai gobe, bai sami kome ba, sai fa in ya nuna cewa yankan ya jefa shi cikin ƙunci, ya bi ta ofishin mai sasantawa. Gyaran da kotu ba ta yi ba, hukumar sa ido kan bankuna ce ta yi shi, bayan shekara goma, domin tun daga Afrilu na 2020 aka hana irin wannan yanka na kai tsaye, aka kuma hana tsananta wa wanda ya zarce ba da izini ba fiye da mai izini. Bankunan suka mai da martani da kuɗin ruwa na wajen kashi 40 cikin ɗari a shekara.

Ma'aikacin Nijeriya da albashinsa ke bi ta banki ba baƙo ba ne ga wannan wasa da sunaye. Shekara da shekaru bankunan ƙasar nan suna karɓar kamashon da ake kira COT, har naira 5 a kan kowace naira 1,000 da ta fita daga asusu. A 2013 Babban Bankin Nijeriya ya ba da umarnin a rage shi zuwa naira 3, a 2014 naira 2, a 2015 naira 1, a soke shi a 2016. A watan Janairu na 2016 ɗin kuwa sai aka yarda wa bankuna su karɓi kuɗin kula da asusu, wanda ba zai wuce naira 1 a kan kowace 1,000 ba. An dai sake wa tuwo suna.

Sai dai mai ajiya a nan yana da wani makami da takwaransa na Ingila bai samu ba a wancan lokaci. A can an bar farashi a hannun kasuwa, a nan kuwa Babban Banki yana da rubutaccen jadawali na iyakar abin da za a yanka. Wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2020, alal misali, ya ƙayyade naira 10 a kan aika kuɗin da bai wuce naira 5,000 ba, naira 25 har zuwa 50,000, naira 50 a kan abin da ya haura, ya kuma ɗora tarar naira miliyan 2 a kan kowane saɓo. Saboda haka mai ƙorafi ba ya bukatar ya tabbatar da zalunci, wanda abu ne mai wuyar kamawa. Abin da ke gabansa lissafi ne. Ya karɓi takardar bayanin ajiyarsa, ya ajiye ta kusa da jadawalin da ke aiki a shekarar da aka yi yankan, ya bi layi layi. Akawun da ya saba duba baucan gwamnati ba zai ce wannan ya fi ƙarfinsa ba. Abin da ya gani ya wuce ƙa'ida, ya rubuta wa manajan reshensa da kwanan wata da adadi, ya karɓi lambar ƙorafi, ya riƙe kwafe. Magana da baki a gaban kanta ba ta barin shaida. In wa'adin da aka yanka wa banki ya cika ba a biya masa bukata ba, sai ya kai ga Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na Babban Banki, wanda aka kafa a 2012. Sashen ba ya sauraron wanda bai fara zuwa bankinsa ba. Tun 2015 kuma aka sa iyaka, ba a karɓar ƙorafi a kan yankan da ya wuce shekara 6, kuma ana fara ƙirgawa ne daga ranar da aka cire kuɗin, ba daga ranar da mai su ya farga ba.