Daga Tudun Wada zuwa Shika: tarihin asibitin koyarwa na Zariya da abin da Damagaram za ta tsinta a ciki

Matanin laccar da aka karanta a Matamaye gaban ma'aikatan kiwon lafiya, malaman makaranta da ɗaliban jami'a da suka zo hutu.

 

Wanda ciwo ya kayar a Matamaye, idan abin ya fi ƙarfin asibitin gari, hanya biyu ce gaban danginsa. Ko su nufi Damagaram, ko su bi ta Ɗan Barto su ƙetare iyaka a Kongolam, su ratsa Daura su shiga Kano. Yamai, inda ƙwararrun likitocin ƙasa suka fi yawa, tana bayan kilomita fiye da 800, alhali Kano ba ta kai 200 ba. Shi ya sa tarihin asibitocin koyarwa na arewacin Najeriya ya shafi mutanen wannan yanki kai tsaye. Na farinsu, wanda ya horar da malaman da suka raya sauran, shi ne na jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kuma a kansa maganar yau za ta tsaya.

Turawan mulkin mallaka, na Faransa da na Ingila, ba su yi gaggawar mai da baƙar fata cikakken likita ba. A Dakar an buɗe makarantar likitanci a 1918 ƙarƙashin Aristide Le Dantec, amma wanda ya fito daga cikinta mataimaki ne, yana aiki ƙarƙashin likitan Bature ko da ya fi shi sanin cututtukan ƙasa. Daga can Houphouët-Boigny ya fito a 1925. Ingilishi sun yi irin wannan a Yaba ta Legas a 1930. Arewa kuwa sai da ta jira ɗan Wusasa, Dokta Barau Dikko, wanda ya yi karatu a Birmingham, kafin ta ga ɗanta na farko da takardar likita cikakkiya. Makarantar da aka gwada buɗewa a Kano a tsakiyar shekarun 1950 ba ta daɗe ba.

An kafa jami'ar Zariya a 1962 ba tare da sashen likitanci ba. Bayan kisan Sardauna a watan Janairun 1966, shugabancin jami'ar ya faɗo hannun Dokta Ishaya Audu, likitan yara, wanda ya yi makaranta a Wusasa kuma ya taɓa zama likitan Sardauna na kansa. A zamaninsa aka buɗe sashen likitanci a 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, lokacin da asibitocin arewa suka wayi gari ma'aikata da yawa ƴan gabas sun koma gida bayan kashe-kashen 1966. Ba a jira an gina sabon asibiti ba. An karɓi asibitocin gwamnati uku da ke nan tsaye, na Tudun Wada a Zariya, na Kaduna, da na Malumfashi a ƙasar Katsina, aka zuba ɗalibai a cikinsu. Rukunin farko ya fito a 1972.

A lura da Malumfashi. Ba babban birni ba ne a wancan lokaci, garin noma ne da kasuwa, irin Matamaye. Ɗalibin da aka tura can yana ganin ciwo tun daga tushensa, a bakin rijiya da cikin gona, kafin ya zama gawa a gadon asibitin birni.

Abin da ya ɗaukaka sunan Zariya a shekarun 1970 shi ne malamanta sun ɗauki cututtukan da ke kashe talakan ƙasar Hausa da muhimmanci, suka ƙidaya, suka rubuta. Farfesa Eldryd Parry da abokin aikinsa Davidson sun lura da yawan matan da ake kawowa makonni kaɗan bayan haihuwa, ƙafafu a kumbure, numfashi na sarƙewa, zuciya ta gaza. Suka bi mata 224, suka wallafa sakamakon a 1978. Sun ga abin ya fi yawa a watannin zafi da farkon damina, kuma suka ɗora zarginsu kan al'adun jego da kowa ya sani a nan: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana 40, kwanciya kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Bayaninsu shi ne gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana buɗe hanyoyin jini, sai aiki ya yi wa zuciya yawa. Kanwar nan, a tuna, mai yawa daga cikinta daga ƙasar Manga take tasowa, ta ratsa Damagaram zuwa kasuwannin Kano tun zamanin fatake.

Maganar ba ta tsaya nan ba, kuma a ci gabanta ne ake gane amfanin makarantar likita. A Yamai, Arnaud Cénac da abokan aikinsa sun auna jinin masu jego da ke da wannan ciwo, suka wallafa a 1992 cewa wani sinadari da ake kira seleniyom, wanda jiki ke samu daga abinci, ya yi ƙaranci ƙwarai a jikinsu. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na asibitin koyarwa na Aminu Kano ya jagoranci bincike a asibitoci da yawa na Najeriya, wanda aka wallafa a 2020. Can aka ga rama, rashin karatu, rashin abin yi da hawan jini na masu ciki sun fi wankan jego da kunun kanwa alaƙa da ciwon. Wato an shekara 40 ana tuhumar kaka da tukunyar ruwan zafinta, sai ga shi talauci ma yana zaune a kujerar masu laifi. Wannan bai wanke kanwa ba, domin gishiri mai yawa ba abokin zuciya mai rauni ba ne. Amma da Zariya ba ta fara ƙidaya ba, da Yamai da Kano ba su sami abin gyarawa ba.

Haka Farfesa Kelsey Harrison, mutumin Abonnema a kudancin Najeriya, ya bi haihuwa 22,774 a Zariya tsakanin 1976 da 1979. Ya nuna cewa waɗanda ke mutuwa mafi yawansu su ne waɗanda ba su taɓa zuwa awon ciki ba, aka kawo su bayan naƙuda ta yi kwanaki, kuma macen da ta shiga makaranta ta fi tsira nesa ba kusa ba. Likitan mata ne, amma maganin da ya fi nanatawa shi ne a sa ƴaƴa mata makaranta. David Warrell kuma ya bi saran kububuwa, ya tabbatar da gwajin da ba ya buƙatar lantarki: a zuba jinin wanda aka sara cikin tsabtatacciyar kwalba busasshiya, a jira minti 20, idan bai daskare ba, dafi ya shiga jini, a yi allurar maganin dafi. Har yau ana aiki da wannan gwaji a Afirka da Asiya.

Sai sanƙarau, wanda ba sai an yi wa mutumin Damagaram bayaninsa ba. Likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie, wanda ya yi aiki a Nijar, shi ya zana a 1963 iyakar yankin da cutar ke yawo, daga Senegal zuwa Habasha, yankin hunturu da ƙura. Brian Greenwood ya yi kusan shekara 10 a Zariya yana fama da ita, ya ga annobar 1977 da idonsa. A can aka gwada aka ga allura guda ta kuloramfenikol mai mai tana iya ceton rai, abin da ya dace da ƙaramin gidan likita na ƙauye inda ma'aikaci ɗaya ke fuskantar marasa lafiya 50. A 2003, a gidajen likita 9 na Nijar, aka gwada seftiriyazon aka ga ya yi daidai da shi. A ƙarshen 2010 sabuwar allurar rigakafi ta MenAfriVac ta fara aiki a Burkina Faso, Mali da Nijar, ta karya lagon nau'in cutar da ya fi yin annoba, ko da yake wasu nau'o'in sun ci gaba da ɓulla.

Wannan zamani na Zariya bai ɗore ba. Da kuɗin man fetur suka shigo, aka ƙuduri gina katafaren asibiti a Shika, bayan Samaru a kan hanyar Funtuwa. An fara aikin a shekarun 1970. Gwamnatoci suka yi ta zuwa suna wucewa, ƴan kwangila suka ci suka goge baki, ba a tare a Shika ba sai a 2005, kusan shekara 30 ke nan. A sanarwar juyin mulkin 31 ga Disamba 1983, sojoji sun kafa hujja da cewa asibitoci sun koma wurin ganin likita kawai, babu magani babu kayan aiki. Da mulkin ya zo hannunsu ba su warkar da ciwon ba. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, albashin farfesa ya kasa riƙe gida, ƙwararru suka kwashe zuwa Saudiyya, Ingila da Amurka. Nijar ta sha irin wannan ɗaci da nata ƙoƙon: sharuɗɗan FMI da Bankin Duniya, waɗanda ɗalibai suka fito yi wa zanga-zanga ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, sannan karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994, wadda ta sa kuɗin maganin waje ya yi tashin gwauron zabi.

Inda makarantar likita ta yi rauni, wasu ne ke zuwa su yi bincike a kan ƴaƴan mutane. A annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya gwada sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, cikin gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kuma daga baya ta bayyana cewa takardar izinin kwamitin ɗa'a an rubuta ta ne bayan an gama gwajin, aka mai da kwanan wata baya. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dalar Amurka miliyan 75. Rashin yardar da wannan ya shuka ya taimaka wajen ƙin allurar shan-inna a Kano a 2003, cutar kuma ba ta nemi biza ba kafin ta ƙetaro iyaka. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Duk da haka Zariya ta haifi ƴaƴa. Ɗalibanta da malamanta suna cikin waɗanda suka raya makarantun likita na Maiduguri, Sakkwato da Kano, inda aka kafa asibitin koyarwa a 1988.

A Nijar an makara fiye da haka. Cibiyar karatun gaba da sakandare ta Yamai ta buɗe a 1971, ta zama jami'a a 1973, makarantar kimiyyar lafiya ta biyo baya a 1974, asibitin Lamorde da ke ƙetaren kogi ya zama wurin koyon aikin ɗalibanta. Shekaru kusan 40 ƙasa mai faɗin Nijar tana dogara da makarantar likita guda, a kusurwar yamma. Har yau ƙasar ba ta kai likita ɗaya ga mutum 10,000 ba, kuma kaɗan ɗin da ake da su sun fi taruwa a Yamai. Jahar Damagaram, wadda ƙidayar 2012 ta ba mutum fiye da miliyan 3 da rabi, mafi yawa a ƙasa, ba ta sami jami'a ba sai a 2010. Ita ce yau ke ɗauke da sunan André Salifou, masanin tarihin Damagaram da ya shugabanci babban taron ƙasa na 1991. Daga baya aka buɗe mata sashen kimiyyar lafiya, ɗalibansa suna koyon aiki a babban asibitin ƙasa na Damagaram.

Ke nan Damagaram tana tsaye kusan inda Zariya ta tsaya a 1967: makaranta sabuwa, tsohon asibitin gwamnati da aka ɗora wa nauyin koyarwa, malamai kaɗan, marasa lafiya birjik. Ƴan siyasa, na farar hula da masu kaki, sun fi son alkawarin katafaren gini, domin gini ake yanke wa ƙyalle a ɗauki hoto. Amma ayyukan da suka kai sunan Zariya duniya an yi su ne a tsofaffin ɗakunan Tudun Wada da Malumfashi, tun Shika tana daji. Abin da aka kashe wa kuɗi a lokacin shi ne malamin da ke da lokacin zama gaban gado da ɗalibi, ɗakin gwaji mai ruwa da wuta, da rajistar da ake cikawa kullum ba a bari gara ta cinye.

Damagaram na buƙatar Malumfashinta, kuma Matamaye ta cika sharuɗɗan. Yanki ne mai cunkoson jama'a, yana bakin iyaka inda annoba ke shiga da fita, yana da asibitin gunduma da gidajen likita na karkara kewaye da shi, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga jami'a. Daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke haɗuwa a kan yara, ɗalibin shekara ta shida zai koyi a nan cikin wata uku abin da littafin da aka rubuta a Paris ba zai koya masa ba, asibitin kuma ya sami ƙarin hannu a lokacin da ya fi buƙata. Abin da ake nema bai fi ƙarfin hukuma ba: yarjejeniya a rubuce tsakanin jami'a da ma'aikatar kiwon lafiya, masaukin ɗalibai kusa da asibiti, malami mai zuwa duba su kowane mako da motar da za ta kawo shi, da kwamitin ɗa'a mai haƙori, wanda wakilan gari za su zauna a ciki, domin kada a taɓa ɗan kowa da sunan bincike sai da sanin uwarsa da ubansa, cikin harshen da suke ji. Wakilan yankin da sarakunan gargajiya suna da bakin da za su kai wannan buƙata gaban shugaban jami'a da gwamnan jaha kafin a tsara shekarar karatu mai zuwa.