Jawabi a Kan Makarantar Akawuna ta Zariya

Ya ku ma'aikatan En'e, cikin shekarar 1947 aka buɗe makarantar horar da akawuna a Zariya, domin baitulmali ba ya tsayuwa sai da wanda ya iya riƙon littafin kuɗi. Can aka koya wa samari lissafi da buga tafireta. Amma akawun da ya iya haɗa lamba kaɗai, bai san ƙa'idar haraji ba, shi ne ke jefa Ma'aji cikin kunya ran da odita ya sauka. A 1954 aka faɗaɗa karatun, ta zama makarantar koyon sha'anin mulki. A 1962 kuwa aka haɗa ta da Jami'ar Ahmadu Bello.