Hakin Mai Keke da Hakin Mai Daka

 

Yau zancen masu hawan dutse da keke za mu yi. Na san wata za ta ce, "To ni da ko ƙofar gida ba na leƙawa, ina ruwana da keke?" Yi haƙuri uwargida, zancen zai biyo ta ɗakinki.

Sakkwato a ƙasa-ƙasa take, tudunta bai wuce kamar mita 300 daga bakin teku ba. Jos ta kai kusan mita 1,200, tsaunin Chappal Waddi na Jihar Taraba kuwa mita 2,419. Duk yadda mutum ya ƙara hawa, iska tana ƙara sirancewa, sai kowane numfashi ya kawo wa jini oksijin kaɗan. Shi ya sa ƙato majiyin ƙarfi zai tuƙa keke a kan tsauni ya kama haki, zuciya na bugawa, kai na sarawa, ƙafafu sun yi nauyi. Masu wannan wasa ba su yi wa dutse gaggawa. Sukan kwana biyu a wurin jiki ya saba, su sha ruwa tun ƙishi bai zo ba, su riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan a hanya. Bayan 'yan makonni jiki da kansa yake ƙara jajayen ƙwayoyin jini, masu dakon oksijin. Biniam Girmay, ɗan Eritiriya da ya ci zango 3 a gasar keke ta Tour de France a 2024, ɗan Asmara ne, birnin da tudunsa ya haura mita 2,300.

To, ga inda ya shafe mu. Shi mai keke iska ce ta yi masa kaɗan. Mace mai ƙarancin jini kuwa iskar na nan, masu ɗaukarta ne suka ƙaranta, amma wahalar iri ɗaya ce. Ki ɗaga taɓarya sau goma ki tsaya haki. Ki miƙe daga bakin murhu jiri ya ɗebe ki. Sai a ce ragwanci ne, ko son jiki. Wallahi sau da yawa ba haka ba ne. Haihuwa kusa-kusa, zubar jini mai yawa lokacin al'ada, zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki, duk suna cinye jini.

Ki ja fatar idonki ta ƙasa a gaban madubi, ki dubi tafin hannunki. In sun yi fari fat, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe. Jini sinadarin ƙarfe yake so: hanta, nama, kifi, wake, zogale da alayyafo. A matsa lemun tsami a kwaɗo, yana taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin. Shayi kuma, masu son shayi ku gafarce ni, yana hana shi shiga, don haka a bari sai an jima da cin abinci.

Mai juna biyu, ki lallaɓi maigida ya kai ki awo, ko Asibitin Maryam Abacha ko na kusa da ku, a auna jininki. Ƙwayoyin ƙarin jinin da za a ba ki sukan sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba komai ba ne, kar ki daina sha. Amma in kina haki alhali kina zaune, ko ƙirji na ciwo, ko kin suma, ranar za a tafi asibiti, ba sai ranar awo ba.