ƘARAMIN RAMI, BABBAN AMFANI
Jawabin da aka yi wa ɗaliban yaƙi da jahilci na Icirnawa

An gama girbi, an shiga lokacin gini. Wani yana tada ɗaki, wani yana gyaran katanga, wani yana sabon wurin wanka. Yau ina so mu yi magana kan ruwan da ke fita daga gida.

Kowa ya san rariya. Ruwan wanka da na wanki ya bi ta nan, ya kwanta a gindin katanga. Sauro ya yi ƙwai a ciki, yara su kamu da zazzaɓi. Maƙwabci ya yi fushi. Katanga kuma ta dinga jiƙa har ta zube. Ruwa maƙiyin ginin ƙasa ne. Ku tuna da daminar 2024, da tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi bayan ruwa mai yawa.

Don haka wasu magidanta suna binne tiyo, ya kai ruwan cikin rami mai duwatsu, ƙasa ta shanye. Wannan dabara ce mai kyau. Amma tiyo yana toshewa. Rairayi da toka da gashi da guntun tuwo suna taruwa a ciki. In ya toshe a ƙarƙashin ƙasa, ta ina za ka sa hannu?

Maganin shi ne ramin dubawa. Ƙaramin akwati ne na bulo da siminti, mai marfi, a kan hanyar tiyo. Ruwa ya shiga ta gefe guda, ya fita ta ɗaya gefen. Ƙasan akwatin ya fi bakin tiyo zurfi kaɗan, sai rairayi ya kwanta a nan. Ka ɗaga marfi, ka kwashe, ka tura sanda cikin tiyo. Shi ke nan.

A ina ake yin shi? Inda tiyo ya fito daga wurin wanka, ko inda ya yi kwana, ko inda tiyo biyu suka haɗu.

To, nawa zai ci? Ku ɗauko littattafanku, ku rubuta. Ga kayan akwati mai faɗin santimita 50, tsawo 50, zurfi 50:

1. Siminti buhu 1, mai kilo 50. Ya isa daɓe da gini da shafe da marfi.
2. Bulo kamar 20.
3. Ƙarfen gini siriri, mita 6 ko 7, na cikin marfi.
4. Rairayi da tsakuwa. Mai amalanke zai iya kawowa da kansa.
5. Ladan magini na kwana 1 ko 2.

Farashi yana canjawa. Saboda haka in kun je kasuwar Matamaye ko ta Kance, ku tambayi kuɗin kowane abu. Ku rubuta a gaban lambarsa, jikka nawa, dala nawa. Sa'an nan ku haɗa. Wanda ya iya lissafi ba a cutarsa.

Ga babbar maganar. Ku yi ramin tun ana cikin gini. A lokacin magini yana gidanka, siminti yana kwaɓe, an riga an haƙa hanyar tiyo. Kuɗin ɗaukar kaya sau ɗaya za ka biya. Amma in ka bari sai tiyo ya toshe, za ka biya sau uku: kuɗin fasa daɓe, kuɗin sabon tiyo in an fasa tsohon da diga, da kuɗin mayar da daɓe. Kuma sau da yawa da damina abin ke faruwa, lokacin da kake gona, rumbu kuma ya yi ƙasa.

Ana iya rage kuɗin. Haƙa ramin da hannunka. Tara tsakuwa da kanka. Maƙwabta biyu su haɗa kuɗi su sayi ƙarfe guda su raba. Amma kada a yi rowar siminti wajen shafe, don in akwatin yana yoyo, gindin katanga zai jiƙe. Kada a rufe shi da katako ko tsohon kwano. Gara tana cin katako, kwano yana tsatsa, yaro ko akuya su faɗa ciki.

Abu uku za ku gaya wa magini. Tiyo ya gangara, santimita 2 a kowace mita. Marfi ya zauna daram, kada sauro ya samu ƙofa. Ramin duwatsu ya yi nisa da rijiya, mita 30 ko fiye.

Ku mata, ku ne kuka fi sanin inda ruwa yake tsayawa a gida. Ku faɗa wa maigida tun ba a zuba daɓe ba. Bayan an gama, a buɗe marfin sau ɗaya a wata, a kwashe datti.

Mako mai zuwa kowa ya zo da lissafinsa, mu duba tare a kan allo. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Wassalam.