Wani Ƙashin Yakan Riga Mai Shi Tsufa

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan'uwanmu, ɗan kasuwar hatsi a Bwari, ya yi a taron ƙungiya na wata-wata)

  

Kun dai san ni, ni ba likita ba ne. Abin da na sani shi ne mudu da buhu, sai ɗan abin da na samu a Islamiyya. Amma an ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, to ni na ga ashe har uban ma yana taɓawa. Maganar ɗiyata zan yi, kuma sai da na nemi izininta da na mijinta. Ita ce ma ta ce, "Baba, ka faɗa, ko wata za ta tsira."

Yarinyar shekarunta 28, tana aure a Kubwa, ga goyo. Wata safiya ta sunkuya za ta ɗauki bokitin ruwa, sai ta ji bayanta ya amsa. Ko miƙewa ta kasa. Aka ce targaɗe ne, aka kira mai ɗori ya yi ta tausa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Wata uku muna wannan. Ana nan sai ta yi tuntuɓe a bakin ƙofa, ta dafa ƙasa, wuyan hannu ya karye. Faɗuwar da ko yaro ba zai yi wa kuka ba. A nan jikina ya yi sanyi, na ce wa mijinta, "Malam, gobe sai asibiti."

Da aka ɗauki hoto sai aka ga ƙasusuwa biyu na gadon bayanta sun lotsa. Aka tura mu babban asibiti a cikin gari, aka yi mata wani gwaji da ake kira DEXA, na'ura ce mai auna ƙarfin ƙashi, ba allura ba zafi. Likita ya ce sunan ciwon da Turanci ostiyoforosis, wato zaizayewar ƙashi. Na ce masa, "Likita, yi mini da Hausa." Ya ce, "Alhaji, ka san azarar da gara ta ci? Daga waje lafiya lau, ciki kuwa duk rami ne." Ya ce shi wannan ciwo ba ya sallama, yawanci sai an karye ake sanin yana nan.

Ya ƙara da cewa an fi saninsa ga tsofaffi, musamman matan da al'ada ta ɗauke musu. A lissafin masana na duniya, cikin matan da suka haura shekara 50, ɗaya cikin uku za ta samu irin wannan karaya, maza kuwa ɗaya cikin biyar. Har rana aka ware masa, 20 ga Oktoba ta kowace shekara. To amma idan aka gan shi ga mai ƙuruciya, lallai akwai dalili, sai an tono. Ya tambaye ta wane magani take sha. Ta yi shiru, ta sunkuyar da kai. Na gane kunyata take ji, na fita na bar ta da mahaifiyarta.

Jama'a, ga abin da ya fito. Kafin bikinta ƙawaye sun dame ta wai ta cika rama, amarya sai da jiki. Aka kai ta wani kyamis aka haɗa mata ƙwayoyin ƙiba, irin waɗanda ake wa laƙabi da "sha ka fashe". Ta kusa shekara biyu tana sha a ɓoye. Likita ya ce a ciki akwai dezametazon, ɗan'uwan firedinisolon da ake ba masu asma. Magunguna ne masu amfani idan likita ya rubuta ya kuma sa ido, amma wanda ya wuce wata uku yana sha, ƙashinsa na cikin haɗari, domin suna hana jiki gina sabon ƙashi, suna rage masa cin moriyar sinadarin kalsiyam. Ƙibar ma da ake gani kumburi ne, fuska ta cika, ƙafa ta tsotse. Ga ciki, ga shayarwa, jariri yana jan nasa rabo daga jikin uwa. Ashe rami ake ta haƙawa ba mu sani ba.

Akwai wata magana tasa da ta zauna mini, domin ta 'yan kasuwa ce. Ya ce ƙashi kamar jari ne, mutum yana tarawa tun yana yaro har wajen shekara 30, daga nan sai ci daga uwar kuɗi. Wanda bai tara da yawa ba, da wuri zai karye. Babban mutum yana bukatar kalsiyam kamar miligiram 1,000 a rana, da bitamin D wanda fata ke samarwa idan rana ta taɓa ta. Kuma ba sai mai kuɗi ba: nono da kindirmo, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, zogale, kuka, riɗi, wake. A shekarar 1999 an buga wani bincike da aka yi a Jos kan yara masu gwamen ƙafa da bakan ƙafa, aka gano cewa rashin kalsiyam a abinci shi ne babban dalili. Kun ga mu nan tuwo ne safe da dare, ga Fulani suna wucewa da ƙwaryar nono ta ƙofar gidajenmu, mu kuwa lemon kwalba muke saya wa yara.

Bayan ƙwayoyi, ya ce ciwon sikila, da ciwon maƙoƙo mai sa rama, da ɗaukewar al'ada da wuri, da shan taba, duk suna iya jawo shi. Don haka kada wani ya ga mai wannan ciwo ya ce ai ƙwaya ta sha. Zato zunubi.

To yanzu me uba zai yi? Gaskiya ranar da na ji, raina ya ɓaci, na so in yi faɗa. Mahaifiyarta ta ce, "Alhaji, wanda ya faɗa rijiya ba a tsaya yi masa wa'azi, igiya ake miƙa masa." Na haɗiye. Muka dawo da ita gida Bwari da yardar mijinta, domin shi yana fita aiki tun asuba. Likita ya hana a tsayar da ƙwayar lokaci guda, ya ce yin haka na iya kayar da mutum, a hankali aka riƙa ragewa. Ya ba da shawara a yaye yaron, aka yaye, kakarsa ta karɓe shi. Muka gyara banɗaki saboda santsi, muka sa fitila a tsakar gida, aka hana ta ɗaukar kaya da daka. Salla a zaune take yi, na tambayi malaminmu ya ce addini ya yi sauƙi ga mai lalura. Kullum da hantsi ni da kaina nake rakata ta zaga tsakar gida, domin an ce kwanciya ma tana cin ƙashi.

Kuɗi kam sun tafi. Masarar da na ajiye ina jiran ta yi tsada, a araha na sayar. Amma abin da ya fi kuɗi nauyi shi ne zuciyarta. Mace da gidanta, yau ga ta ana ɗauko mata buta. Wata rana na same ta tana kuka, wai ta zame mana kaya. Na ce, "Uwata, da kina jaririya wa ya ce kin yi nauyi?" Kuma na koyi wani abu: ɗa babba ba yaro ba ne. In za a je asibiti ita ke magana da likita, ni rakiya ce tawa. Surukina kuma, Allah Ya yi masa albarka, duk da masu zuga shi, bai juya baya ba. Alhamdu lillahi, yanzu ta koma ɗakinta, tana girkinta, tana shan magani, ana sake gwaji lokaci-lokaci.

Roƙona uku ne. Na ɗaya, iyaye mata, ku sa ido kan abin da ake ba amare da sunan gyaran jiki, mu maza kuma mu daina kushe halittar da Allah Ya yi. Na biyu, duk wanda ya karye a ƙaramar faɗuwa, ko ciwon baya ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko aka ga tsawonsa na raguwa, a kai shi a ɗauki hoto kafin a taɓa shi. Ban raina masu ɗori ba, gadon iyayenmu ne, amma ƙashin da ya zama haka tausa na iya ƙarasa shi. Ga babban asibiti nan Bwari da Kubwa, ga asibitin koyarwa na Gwagwalada, ga Asibitin Ƙasa a Abuja, mu 'yan Kano kuma mun san asibitin ƙashi na Dala. Na uku, shugaba, ina ba da shawara mu buɗe asusun jinya a ƙungiyar nan, kowa ya riƙa jefa abin da ya sawwaƙa duk wata, a kuma wakilta mutum biyu su je su binciko mana yadda ake shiga inshorar lafiya, tunda an sa hannu kan sabuwar dokarta tun 2022. Ni na samu masarar sayarwa, wani ba shi da ita. Mu da muka baro garuruwanmu, nan ƙungiyar ita ce danginmu.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, ku yafe mini. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.